Hancin Da Na Baro a Njamena

Da hanci na ci abinci shekara da shekaru. Ban gaji shago ba, ban gaji jari ba. Bayan rasuwar maigidana na fara da faranti guda na 'yan kwalaben turare, ina bin gidajen biki da na suna a cikin Daura, har Allah ya sa na kama shago a hanyar da ta nufi Kusugu. Abin da ya raba ni da sauran masu sana'ar shi ne ba a iya cuta ta. In aka kawo mini madarar turare, kafin a gama buɗe murfin na san ko an sirka ta. Duk da haka iyayen amare sai su shigo, su sunsuna nawa, su yaba, sannan su ce, "Dije, ba ki da na Chadi?" Na gaji da wannan tambaya. Na rufe shago, na bar Innarmu a Dutsi hannun ƙanwata Hansai, na ce zan je in koyo haɗin a inda ake yin sa. Hancina kaɗai na dogara da shi a tafiyar, kuma shi ne aka karɓe mini.

KUSIRI

Kusiri ne garin farko da na sauka ba a ƙasarmu ba. Na iso shi ƙafafu a kumbure, bayan mun biyo ayarin sojoji daga Maiduguri zuwa Gamboru, muka ratsa Kamaru a motar da aka loda mu kamar buhunan albasa. Tun kafin in ga garin na ji shi: bandar kifi, fetur na kwalba, da ɗanyen ƙarnin kogi. Njamena tana tsallaken ruwa, ana hango gine-ginenta.

A tasha wani mutum mai farar riga da dogon carbi ya tare ni. Ɗanjuma sunansa, dillalin kayan ƙamshi, Hausarsa tas.

"Hajiya sannu da hanya. Daga ina?"

"Daura."

"Allahu akbar! Ai gida ne. Kakata ta wajen uwa 'yar Baure ce."

"Tun daga Maiduguri duk wanda ya ga jakata, kakarsa 'yar Baure ce," na ce masa. "Me kake sayarwa?"

Ya kai ni wani ɗaki, ya kwance bakin buhu, ya ce itacen sandal ne ɗan Indiya. Ƙamshi ya cika ɗakin, amma ƙamshin ya cika gaggawa. Sandal na gaskiya ba ya tarar mutum a bakin ƙofa, sai an matso kusa yake bayyana kansa. Na ce ya ba ni wuƙa. Na tsaga guda, na kai cikinsa hancina, sai ga ɗacin darbejiya, irin wadda muke fakewa a inuwarta a gida. Jiƙa ta kawai aka yi a mai.

"Malam Ɗanjuma, wannan Indiyar taka a bayan gidanku take?"

Ko kunya bai ji ba. Ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce ya jima bai gamu da irina ba. Da ya ji abin da ya kawo ni, shi ne ya kwatanta mini gidan wata tsohuwa a Njamena, Hajja Ashta, wadda ya ce manyan matan garin ba sa aurar da 'ya sai da haɗinta. "In ta karɓe ki ke nan," in ji shi. "Takan kori mutum tun bai gama sallama ba."

NJAMENA

Garin nan ya mayar da ni bebiya. Larabcinsu ba irin wanda muka ji a makarantar allo ba ne, Faransanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Na kama ɗaki a wani gidan haya bayan babbar kasuwa. Mai gidan ya ga baƙuwa, ya ba ni ɗakin da ke jikin masai, ya nuna mini da hannu cewa shi ya fi iska. Masu tasi suka yi ta zagaye da ni. Ban yi kuka ba, don na san baƙo haka ake yi masa ko'ina, mu ma a kasuwarmu ba waliyyai ba ne. Abin da ya sa ni kuka ƙarami ne. Wata rana ina tafe a wani lungu, sai ƙamshin daddawa a miyar kuka ya tsallako katanga ya same ni. Nan take na ga tsakar gidanmu na Dutsi, da turmi a kife, da kaji suna tono a gindin rumbu. Na tsaya jikin katangar mutane, mace mai jikoki, ina share hawaye da gefen mayafi.

Hajja Ashta doguwa ce, siririya, tafin hannunta ya rine da mai da hayaƙi. Tana jin Hausar kasuwa, wadda ta tsinta a wajen masu sayen kayanta.

"'Yar Daura, turare kika zo koyo? Ku Hausawa daddawa ta gama da hancinku tun kuna goye."

"Ita ta horar da shi, Hajja. Wanda ya iya raba ta kalwa da ta waken suya, itace ba zai gagare shi ba."

Ta dube ni, sannan ta sa aka ɗaure mini ido da kallabi. A gidanta babu mudu, babu cokalin awo, ba a rubuta komai. Ta kara mini wani guntun itace a hanci. Na ce hawi ne. Ta make mini hannu.

"Ban tambaye ki sunansa ba. Wa kika gani?"

Na sake shaƙa. Na ce na ga cikin akwatin maigidana, inda yake ajiye rigar Juma'a.

"To riƙe shi a nan. Suna yana zamewa daga kai. Abin da hanci ya ɗaure a jikin mutum ko wuri ba ya kwancewa."

Haka ta koyar da ni, kuma na ga gaskiyarta. Itacen gabgab ya zama sabuwar randa ranar da aka fara zuba mata ruwa. Kajiji ya zama fadamar da muke tono shi muna yara, laka har gwiwa. In za ta ba ni haɗi sai ta ce, "Sa akwatin mijinki da yawa, randa kaɗan, fadama ki ɗan taɓa." Ni da ban yi boko mai nisa ba, sai ga shi ina riƙe haɗi iri-iri a kaina babu wanda ya shiga wani.

Mafi wuya shi ne farce. Wani ɓawo ne na dabbar teku mai kama da farcen mutum, ɗanyensa ƙarni gare shi kamar mushen kifi. Ana jiƙa shi, a kankare, a wanke, sannan a soya a kasko. Akwai ɗan lokaci, bai fi ƙiftawar ido ba, da ƙarnin yake fita ƙamshi ya shigo. In an wuce shi sai ƙauri, an yi asara. Farce ne yake riƙe turare a jikin tufa, ya sa amarya ta wanke zane ta sake wankewa yana nan. Ranar da na fara sauke shi daidai, Hajja Ashta ta ce da matan da muke aiki tare wani abu da Larabci suka yi dariya. Daga baya aka fassara mini, wai ashe daddawa ma tana da rana.

Saura humra, wato turaren jiki da ake jiƙawa a kwalba, wadda ita ce ainihin sirrinta. Mun fara ta ke nan sai ga cutar korona. Aka rufe gadar da ta haɗa Njamena da Kusiri, aka rufe iyakoki, kasuwa ta koma rabi. Zazzaɓi ya kwantar da ni da ciwon gaɓoɓi. Ban je an gwada ni ba, kowa yana tsoron a killace shi, balle baƙuwa marar kowa. Na sha magani na warke.

Safiyar da na fara jin ƙarfi, na hura gawayi na ɗora turaren wuta don in kori warin jinya daga ɗakin. Na ga hayaƙi yana tashi, fari, yana murɗawa. Ban ji komai ba. Na ce gawayin ne. Na ƙara turare. Na buɗe kwalbar kananzir na kara a hanci, kamar ruwan randa. Na fita na shiga masai ɗin nan da ya hana ni sakat tun zuwana, na tsaya a ciki ina jan numfashi da ƙarfi, ina roƙon Allah ya jiyar da ni wari. Babu.

Ban gaya wa kowa ba. Na yi lissafina na 'yar kasuwa: mura takan toshe hanci ta sake shi, in na faɗa Hajja za ta sallame ni, in na yi shiru wataƙila ya dawo kafin a gane. Na koma aiki da ido da kunne. Farce na gane shi da launi da ƙarar da yake yi a kasko. Sukarin da ake narkawa a turara itace da shi, na gane nunarsa da girman kumfa. In aka miƙo mini abu, sai in saci kallon fuskar ta kusa da ni, in yi yadda ta yi. Abinci kuwa ya zama tsumma a bakina, gishiri da yaji kawai nake bambantawa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne akwatin maigidana ya rufe. In na ɗauki hawi itace ne kawai. Na bi ta lungun nan mai daddawa da gangan, na tsaya jikin katangar, ban ga Dutsi ba. Kewar gida ma ta zama kamar labarin da wani ya ba ni.

Akuya ce ta tona ni. Hajja Ashta tana da wata jar akuya da take ji da ita, mai tsohon ciki. Wani hantsi ina can ƙuryar gidan ni kaɗai ina tace humra, hannuwana sun jiƙe har gwiwar hannu, zanen aikina ya sha mai, sai akuyar ta haihu a gefen murhu. Ɗan ya faɗo dab da toka mai zafi. Na goge hannuna sama-sama, na ɗauke shi, na share masa jiki da zanen nan, na ajiye shi gaban uwar. A wajena hannuna tsaf yake.

Uwar ta sunkuyo ta sunsuna shi daga kai zuwa wutsiya. Ta ja da baya ta yi atishawa. Ya taso yana rangaji yana neman nono, ta sa ƙaho ta ture shi. Ya sake tasowa, ta sake ture shi, ta juya tana kuka tana sunsuna ƙasa inda ya faɗo, tana neman ɗanta, alhali ga shi a gabanta.

Kukan ne ya fito da Hajja. Tun daga nesa ta tsaya.

"Wa ya yi wa ɗan akuya wankan amarya?"

Na ce ni na ɗauke shi daga wuta.

"Da wannan hannun? Da wannan zanen?" Ta matso ta dube ni. "Akuya da hanci take sanin ɗanta, a farkon haihuwar nan take ɗaukar warinsa ta riƙe. Kowace mace a gidan nan ta san ba a taɓa jariri da hannun humra. Ke ma kin sani, 'yar ƙauye ce ke. Sai dai in ba ki ji abin da ke jikinki ba. Tun yaushe?"

"Tun zazzaɓin."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta sa aka shafe ɗan da mabiyiya da gishiri, aka tatso nonon uwar aka shafa masa, aka riƙe ta ya sha da ƙarfi. Da an sake ta sai ta tunkuɗe shi. Humrar Hajja mai farce ce, ba ta fita da wanki. Na ɗauki ɗan na riƙa ba shi madara da tsumma, bai yi kwanaki ba ya mutu. Uwar ta daɗe tana zagaya murhun nan tana kira.

Hajja ba ta kore ni ba. Kullum da safe sai ta zaunar da ni, ta jera mini kanumfari, ɓawon lemun tsami, citta da habbatussauda, ta ce in shaƙa kowanne in kira abin da na sani a kansa, wai hanci kamar jaki ne da ya manta hanya, sai an riƙa bi da shi. Na yi ta yi har damina ta shigo. Wani likita da ta kai ni wajensa ya leƙa hancin ya ce ba abin da ya toshe, jijiyar ce ta taɓu, wasu takan warke wasu ba ta warkewa, sai haƙuri.

Sannan ya dawo, amma a karkace. Wata safiya ana soya albasa sai na ji mushe. Na yi murna tukuna, na ce ko wari ne ai an fara. Ashe azaba ce ta fara. Nama mushe, sabulu mushe, shayi kamar ruwan kwata. Sandal, hawi, humra, duk abin da na bar gida dominsa, ya koma taya mai ƙonewa. In na doso ƙofar gidan Hajja sai amai ya taso mini. Ranar da na yi aman a tsakar gidanta gaban masu saye, ta kama hannuna ta raka ni waje.

"'Yar Daura, hannunki ya iya, idonki ya iya. Amma ba a yin turare da ido. Sauran humrar ba zan iya ba ki ba, don babu inda zan sa miki ita."

"Kin taɓa ganin wadda nata ya dawo, Hajja?"

"Na gani."

"Wadda bai dawo ba fa?"

"Ita ma na gani." Ta gyara lafayarta. "In ya dawo ki zo, ko na mutu 'yata tana nan."

Na koma ɗakina na zauna, ga iyaka a rufe, ga jari yana narkewa a haya. A gidan akwai wata Marta, Kirista 'yar kudancin ƙasar, mai wankau. Ba ma jin yaren juna ko kalma. Ta lura ina toshe hanci duk lokacin da ta ɗora girki. Ba ta ji haushi ba. Ta kwashe murhunta ta mayar can ƙarshen gida inda iska ba ta kawowa, kuma kullum sai ta dama mini farin kunun shinkafa, ba mai ba albasa, ta bari ya huce sarai don tururin ma yana tayar mini da zuciya. Shi ya riƙe ni da rai.

Inna takan sa Hansai ta kira ni. A kira na ƙarshe muryarta ta yi ƙasa.

"Dije, kin samo ƙamshin?"

"Na kusa, Inna."

"To ki dawo haka nan. Mu dai ba mu ce kina wari ba."

Na yi dariya, na ce da an buɗe hanya zan taho. Ba a buɗe ba. Wata la'asar Hansai ta kira tana kuka, ta ce Inna ta rasu, har an kai ta. Na zauna a bakin ƙofa da waya a hannu. Marta ta dube ni ta gane. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta fita ta bi maƙwabta, ta tattaro matan Musulmi da ban taɓa gaisawa da su ba, suka zo suka zauna suka yi wa Inna addu'a da Larabcinsu. Ita kuma ta zauna a gefe tana riƙe da ƙafata.

KUSIRI KUMA

A kwalekwale na tsallako, cikin masu fasa-ƙwauri, kowa ya sunkuyar da kai. Na ƙudurta ba zan shiga Daura hannu rabbana ba. Da ragowar jarina zan sayi itace mai kyau, ko ban haɗa ba in sayar da shi ɗanye. Na zaɓi Ɗanjuma da gangan. Lissafina shi ne, duk Kusiri shi kaɗai ya san hancina, shi kaɗai zai ji tsoron kawo mini na banza.

"Hajiya ta Daura! An zama malama ke nan. Kin rame fa."

"Karatu ne. Fito da na gaskiya, ban da na bayan gida."

Ya kawo guda biyu ya ajiye. Na yi duk abin da na saba: na juya su, na auna nauyinsu a tafin hannu, na nemi wuƙa na tsaga, na kai hanci ina danne amai. Dukansu taya. Na ɗaure fuska na nuna wanda ya fi duhu da nauyi, na ce wannan ya yi. Ya dube ni, carbinsa ya tsaya.

"Hajiya ta san kaya," ya ce a hankali.

Har mota ya raka ni, ya taya ni ɗora buhunan, ya yi mini addu'ar sauka lafiya.

DAURA DA DUTSI

Mai saye ta farko da ta shigo shagona ita ta gaya mini. Tsohuwar abokiyar ciniki ce, za ta aurar da 'ya. Ta tsaga guda ta sunsuna, ta dube ni da mamaki.

"Dije, gwada ni kike yi? Wannan ai darbejiya ce."

Duka buhunan haka suke. Na ba masu tuya suka hura wuta da su. Magana ta zaga gari cewa Dije ta je Chadi ta dawo ba ta bambanta sandal da icen girki, kuma ba ƙarya aka yi ba. Na kwashe kwalabe, na zuba robobi da kwanuka a shagon. Ciniki ne dai, ana ci.

Amma kafin wannan na je Dutsi gaisuwa. Bayan mutane sun watse, Hansai ta ja ni ɗakin Inna ta tura ƙofa. Ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado.

"Yaya, da za a raba kayanta na ɓoye wannan. Zanen da ta kwanta jinya da shi ne, da kallabinta. Ban wanke ba. Na ce ke da ba ki gan ta ba, kuma ke ce mai hanci, ko wannan ki samu."

Ta ɗaga murfin, ta kwance leda, ta kifa fuskarta a zanen. Ta fara kuka. "Wallahi Inna ce, kamar yanzu ta tashi." Ta miƙo mini.

Na karɓa na kai fuskata. Taya mai ƙonewa, da mushe a ƙarƙashinta. Na yar da zanen mahaifiyata a ƙasa, na fita da gudu bayan ɗaki na yi ta amai. Da na dawo Hansai tana tsaye ta rungume zanen, tana kallona kamar ba ta san ni ba. A nan na gaya mata komai.

"To gaya mini abin da kike ji," na ce.

Ta sake shaƙa. "Man shanu. Hayaƙin kara. Goro kaɗan." Ta tsaya. "Da ita kanta, Yaya. Wannan ban san sunansa ba."

Ni na san abin da Hansai ba ta sani ba. Ƙamshi ba ya zama a tufa don ana son sa. Turare mai farce yakan daɗe, amma jikin mutum ba shi da farce, kuma duk buɗewa ɗaya ana rage shi. Na naɗe zanen a leda kan leda, na mayar cikin kwalla, na like bakin murfin da danƙo, na sa a lungun da rana ba ta kaiwa. Na ce kada wanda ya buɗe, har ita, sai hancina ya dawo. Ta yi mini alkawari, kuma ta cika, duk da na san abin da na hana ta.

Daga nan sai jira. Kullum da safe kanumfari, lemun tsami, citta, habbatussauda. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na je asibiti a Katsina aka maimaita mini abin da na riga na ji. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. A hankali tayar ta rage ƙonewa. Na fara cin miya. Kowace safiya in na buɗe ido, abin da nake fara tunawa shi ne kwallar nan, da abin da yake fita daga cikinta a hankali ko an like.

Wata ranar kasuwa, wata mata ta tsaya gaban shagona tana ɓare lemu. Ya zo mini daidai, lemu sak, mai ɗan yaji a hanci. Ban yi gaggawa ba, na ba shi makonni ina gwada shi. Kanumfari ya dawo. Ƙasa bayan ruwan sama ta dawo. Sandal bai dawo ba, har yau ma bai dawo daidai ba, amma na ce ba zan ƙara jira ba. Na hau mota zuwa Dutsi.

Hansai ta kankare danƙon da wuƙa. Na wanke hannu da ruwa zalla, na kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki zanen na rufe fuskata da shi. Na ja numfashi a hankali yadda Hajja ta koya mini. Na ji leda. Na ji tsatsar kwalla, da ɗan bashin tufar da ta daɗe a rufe. Na juya wajen wuyan kallabin, na sake ja. Leda da tsatsa.

"Bai gama warkewa ba," na ce. "Karɓi ki ji mini."

Ta karɓa ta kai hanci. Ta daɗe. Ta juya shi ta sake.

"Yana nan, Yaya," ta ce. "Yana nan sosai. Hancinki ne da saura."

Idonta yana kan bango, hannunta yana ta ninke zanen da sauri. Na yi rabin rayuwata ina kallon fuskar masu yabon kayan da suka san babu komai a ciki. Hancina bai yi kuskure ba, abin da ke cikin kwallar ke nan.

Ban ƙaryata ta ba. Kashegari na ɗebo ruwa na wanke zanen da kallabin da hannuna, don a ba wa mabukaci. Na shanya su a igiyar tsakar gida. Sabulun kam na ji shi sarai.